Ba Shirme Ba Ne: Gani Odutokun da Sunan da Ya Dace da Salonsa

Akwai wata ɗabi'a da ta yi kaka-gida a tsakanin ɗaliban Hausa, tun daga Zariya har zuwa zangunan Sokode da Dapaong a ƙasar Togo. Da zarar an nuna wa ɗalibi zanen da bai kwaikwayi abin da ido ya saba gani ba, sai ya yi murmushi ya ce shirme ne, ko ya ce aikin mai taɓin hankali ne. Wani ma idan aka ce ya fassara kalmar suriyalizim, sai ya rubuta "zanen hauka" ya wuce abinsa. Wannan fassara kuskure ce ta fuskar ilimi, kuma cin fuska ce ga ɗaya daga cikin manyan masu zane da Zariya ta yaye, wato Gani Odutokun.

An haifi Odutokun a shekarar 1946 a garin Nsawam na ƙasar Ghana. Iyayensa Yarabawa ne 'yan asalin Offa waɗanda fatauci ya kai su can, don haka duk ɗan zango ya san irin gidan da ya fito. Ya yi karatun zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya sami digirin farko a 1975, na biyu kuma a 1979, sannan ya ci gaba da koyarwa a sashen da ya yaye shi. Ya rasu a watan Fabrairu na 1995 sakamakon haɗarin mota a kan hanyarsa ta dawowa daga Legas. A shekarar 2000 aka baje ayyukansa da na waɗanda ya yi wa tasiri a zauren Brunei da ke Landan. Mutumin da wata ƙasa ta ware wa zaure bayan rasuwarsa, shi ne ake yi wa aikinsa kallon shirme a garin da ya ƙarar da rayuwarsa yana koyarwa.

Ya kamata a fara da ita kanta kalmar. Daga Faransanci ta fito, kuma ɗaliban Togo da Nijar sun fi kowa saurin gane ta, domin gaɓarta ta farko tana nufin "bisa" ko "sama da", ragowar kuma tana nufin bin zahiri. André Breton ne ya fitar da sanarwar wannan tafiya a birnin Paris a 1924, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya nuna wa matasan Turai irin ɓarnar da masu taƙama da hankali da lissafi za su iya yi. Manufarsu ita ce a ba mafarki da abin da zuciya ke ɓoyewa gurbi a cikin fasaha. Babu hauka a cikin kalmar, babu ita a cikin manufar. Fassarar da ta fi kusa da gaskiya ita ce "salon ƙetare zahiri".

Odutokun bai kasance ɗan ƙungiyar Breton ba, ba a kuma zamani ɗaya suka yi aiki ba. Inda suka haɗu shi ne hanyar aiki. Yakan tsinka fenti har ya zama ruwa-ruwa, ya kwarara shi a kan ƙyallen zane, ya bar shi ya bi inda ya ga dama, sannan ya tsaya ya nemo siffofin da suka ɓullo, ya fito da su da hannun gwani. Max Ernst ya yi makamancin haka a 1925, lokacin da ya riƙa shimfiɗa takarda a kan katakon daɓe yana goga fensir domin ya ga abin da zai fito. Masu suka sukan ce ai ko yaro zai iya zubar da fenti. Gaskiya ne, zubarwar ba ta da wuya. Wuyar tana wajen gano sarki ko doki a cikin abin da ya malale, da sanin inda za a tsaya, kuma wannan sai wanda ya shafe shekaru yana koyon zana jikin mutum da ma'aunin haske da inuwa.

Hujja mafi ƙarfi ita ce abin da zanen ke faɗa. A zamanin mulkin soja, lokacin da faɗin gaskiya a fili ke kai mutum kurkuku, Odutokun ya zana jerin hotunan sarakuna, har da wanda ya nuna sarki yana raha da janar-janar ɗinsa. Duk wanda ya rayu a Nijeriya a waɗannan shekaru ya san inda aka dosa. A wani aikinsa na 1991 mai suna Hira da Mona Lisa, ya sa sassaƙen Afirka yana zana Mona Lisa, ita kuma tana sassaƙa irin na Afirka. Wannan tambaya ce a kan wane ne ke koyo daga wane tsakanin Turai da Afirka, tambayar da ɗaliban da suka kafa Ƙungiyar Fasaha ta Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko, suka fara tayarwa.

Wasu kuma sukan ce salon baƙo ne, bai dace da tunanin Bahaushe ba. Wannan magana ta fi ta farko rauni. Ɗalibin da ke faɗin haka shi ne ya tashi yana jin Gizo yana yaudarar zaki, Dodo yana haɗiye gari, ƙashi yana magana a bakin hanya. Shi ne kuma ya karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, inda mutum ke cuɗanya da aljanu ba tare da mai karatu ya nemi hujja ba. Babu malamin adabi da ya taɓa kiran waɗannan shirme. Ana nazarinsu ne ana ciro habaici da zambo da gargaɗi ga masu mulki. To, me ya sa abin da kunne ya karɓa a matsayin hikima ido zai kira shi hauka?

Akwai masu ƙin zanen siffar mai rai saboda dalilin addini. Wannan mas'ala ce ta malamai, tana da hujjojinta da ladubbanta, kuma mai riƙe da ita bai buƙatar ya ƙaga wa mai zane ciwon hauka. Amma yawancin masu dariya ba wannan ne dalilinsu ba. Dalilinsu rashin sani ne, wanda Hausawa suka ce ya fi dare duhu.

Abin da ke cikin haɗari shi ne harshen kansa. Kalmar da ɗalibi ya rubuta yau a takardar jarrabawa, gobe ita ce mai fassara zai karanta a rediyo, daga nan ta shiga ƙamus, ta zama gado. Idan "zanen hauka" ta zauna, Hausa za ta rasa hanyar tattauna wani babban reshe na fasahar ƙarni na 20, sai dai ta ari bakin wani harshe. Saboda haka wajibi ne malaman fassara su daina ba wannan amsa maki, ɗalibai kuma su nemi hotunan ayyukan Odutokun, su zauna da guda ɗaya, su bayyana da Hausa abin da ke cikinsa, launi da siffa da manufa, kafin su yanke masa hukunci.