Bayan Takobi, Ina Jarin Ɗan Kokowa?

Masu iya magana sun ce don tuwon gobe ake wanke tukunya. Yau muna son mu taɓa maganar 'yan kokowarmu na gargajiya, domin mu ne muke cika fili idan an buga ganga, mu ne kuma muke cin kasuwar taron, amma da wuya mu tambayi inda ɗan kokowa yake kwana bayan ƙarfi ya ƙare.

Tun shekarar 1975, zamanin Seyni Kunce, aka fara gasar takobi ta ƙasa a garin Tawa, kuma ɗan jihar Maraɗi, Yakuba Ango da aka fi sani da Kantu, shi ne ya fara ɗaukar takobin. Yau filin kokowa na Maraɗi sunansa yake ɗauke da shi, kamar yadda na Doso yake da sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram kuma Langa-Langa. A zamaninmu Kadiri Abdu, wato Isaka Isaka na Doso, ya ɗauki takobi karo na 6 a Agadas a ƙarshen 2023. Waɗannan sun samu suna, sun samu doki da rawani da kuɗi, Allah Ya ƙara.

To amma mu yi lissafi irin namu na 'yan kasuwa. Jihohi 8 ne, kowace tana kai 'yan kokowa 10, ke nan mutum 80 suke shiga fili, takobi kuwa ɗaya ne. Kafin a fitar da goman nan na Maraɗi, samari nawa aka kayar a ƙauyuka, a Azagor, a Kornaka, a cikin garin Dakwaro? Wani ya koma gida da karaya, wani da gocewar kafaɗa, wani gwiwa ta lalace. Saurayin da ke ƙasar Azagor, inda rayuwa ta dogara ga kiwo da ɗan noman hatsi, idan ƙafarsa ta samu matsala, wa zai bi dabbobi zuwa rijiya? Wa zai yi huɗa idan damina ta faɗi? Nauyin yana komawa kan uwarsa ko matarsa, wadda sau da yawa ita ce mai tallan fura ko ƙuli-ƙuli da muke zaune kusa da ita a kasuwa.

Wannan ciwo ba namu ne mu kaɗai ba. A ƙasar Rasha akwai wani gwani mai suna Yevgeni Plushenko, zakaran wasan zamiya a kan ƙanƙara, wanda ake yi da takalmi mai ƙarfe kamar wuƙa a ƙasansa. Ya ci lambar zinariya a wasannin Olamfik na 2006 a birnin Turin na Italiya. A 2013 aka yi masa aiki a ƙashin baya, a 2014 kuma a birnin Sochi, yana ɗan shekara 31, ciwon bayan ya tilasta masa janyewa daga gasa a gaban mutanen ƙasarsa. Da ya ajiye wasa a 2017 sai ya buɗe makarantar koyar da yara, ya mayar da sunansa jari. Idan jikin wanda manyan likitoci ke kewaye da shi ya gaza yana ɗan talatin da 'yan kai, ina ga yaronmu da sai an kai shi wajen mai ɗori?

Wani zai ce ai wannan aikin gwamnati ne da hukumar kokowa ta ƙasa. Gaskiya ne suna da nasu haƙƙin, kuma muna kira gare su da su sa maganar jinyar wanda ya ji ciwo a gaba, tun daga zaɓen ƙananan hukumomi. Sai dai idanun manya sun fi ganin wanda ya kai wasan ƙarshe. Na ƙauye mu ne muka san gidansu, mun san uwarsa, don haka mu ya fi kamata mu fara.

Abu na farko, mu gyara yadda muke kyauta. Idan namu ya yi kaye, mukan tashi mu liƙa masa jika biyar, jika goma, a yi ta shela da sunanmu. Kafin gari ya waye maroƙa da 'yan rakiya sun raba kuɗin. Ba mu ce a hana makaɗi rabonsa ba, amma me zai hana ƙungiyar 'yan kasuwa ta haɗa rabin kyautar, ta saya masa akuya ko tunkiya a kasuwar Sakabal, a damƙa a hannun iyalinsa? Makiyayan ƙasar Dakwaro sun daɗe da al'adar habanaye, inda ake ba mutum aron dabba ta haihu a hannunsa, ya riƙe 'ya'yan ya mayar da uwar. Ba sai mun je nesa neman dabara ba.

Na biyu, iyayenmu mata masu adashi, ku kuka fi kowa sanin yadda dala-dala take zama jari. Ku jawo matan 'yan kokowa da iyayensu cikin adashinku, ta yadda kuɗin da ya shigo lokacin kaka ba zai ƙare kafin bazara ba.

Na uku, duk mai rumfa ko shago da yake alfahari da wani ɗan kokowa, ya zaunar da shi kusa da shi ya koya masa awo da ciniki tun yana da ƙarfinsa. Mai suna yana jawo masu saye, ribar ta kowa ce.

Ku kuma samari, ku sani duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Wanda kake kayarwa bana shi zai kayar da kai baɗi. Ka riƙe gonarka da garkenka, kada kirari ya sa ka sayar da su don neman laya.

Muna roƙon shugabannin kasuwanni da magadan gari na ƙasar Dakwaro su zauna kan wannan magana kafin a fara zaɓen 'yan kokowa na kaka mai zuwa. Allah Ya ba mu ikon gyarawa, Ya sa albarka a kasuwanninmu, amin.