Gargaɗi a kan shan ruwan gishiri da sunan wankin ciki

Da sunan Allah muke farawa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa malamai da almajirai, ku sani wata al'ada ta yaɗu cikin jama'a. Ana cewa wai mutum ya tashi da asuba, tun bai karya ba, ya dama gishiri cokalin shayi 2 cikin lita guda ta ruwan ɗumi ya shanye, wai shi ne zai wanke dauɗar ciki, ya kore dafin jiki. Daga cikin waɗanda suka yaɗa ta akwai wani Ba'amurke, Stanley Burroughs, wanda ba likita ba ne, cikin littafin da ya fitar a 1976. Yanzu ga ta ta iso mu ta wayar hannu.

Hujjar masu wannan aiki ƙiyasi ce, suna cewa yadda ruwa ke gusar da najasa daga tufa, haka ruwan gishiri ke gusar da ƙazanta daga hanji. Wannan ƙiyasi ɓatacce ne. Ashe ruwan teku bai halatta a yi alwala da shi ba? Amma wanda ya sha shi don ƙishirwa, ƙishirwarsa ƙaruwa take yi, domin kowace lita tana ɗauke da gishiri wajen giram 35, ƙoda kuwa ba ta iya fid da shi sai ta haɗa da ruwan jiki.

Idan ka ce: ai mun gani da idonmu, wanda ya sha yakan zaga sau da yawa, ya ji cikinsa sakayau. Sai mu ce: tambayi majemi abin da gishiri ke yi wa ɗanyar fata. Tsotse ruwanta yake yi har ta bushe. Haka yake yi cikin hanji, ya janyo ruwan jikinka zuwa ciki, ya fita da shi. Abin da ka gani zawo ne, ruwanka ne ka zubar, tare da abin da dama zai fita da kansa.

Wankin jiki kuwa, Allah Ya riga Ya sanya masa ma'aikata. Hanta tana narkar da guba, ƙoda biyu suna tace ruwan jini wajen lita 180 kowace rana, su fid da dauɗa cikin fitsari. Gishiri mai yawa kaya ne yake ƙara musu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya kai giram 5 a yini, wato kamar cokalin shayi guda, har da na miya. Mai wankin ciki kuwa ninki biyu yake haɗiyewa a zama ɗaya. Ga mai hawan jini, da mai ciwon ƙoda ko zuciya, da mai juna biyu, da yaro ƙarami, wannan haɗari ne babba: amai, da ruɗewa, da jijjiga, har mutuwa.

Ku tuna watan Agusta na 2014, da aka baza jita-jita a Nijeriya cewa wanka da ruwan gishiri da shansa yana tsare mutum daga cutar Ebola. Mutane suka tashi cikin dare suna dama gishiri. Aka kwantar da wasu asibiti, aƙalla mutum 2 suka rasu, alhali cutar ba ta taɓa su ba.

Fa'ida: kada a haɗa wannan da ruwan gishiri da sukari da ake ba mai gudawa. Shi gishirinsa rabin cokalin shayi ne, da sukari cokali 6, cikin lita guda ta ruwa mai tsabta. Aikinsa mayar da ruwan da ya zube. Bambancinsu yana ga awo.

To, ya malam, jiki amana ne, shari'a kuwa ta hana mutum ya cutar da kansa ko waninsa. Kada ka umurci almajirinka da wannan, kada ka isar da saƙon da ba ka san asalinsa ba. Mai fama da taurin ciki ya yawaita ruwa da ganye, kamar zogale da rama, ya riƙa tattaki. In abin ya ƙi, ya je ga likita.

Allah Ya nuna mana gaskiya, Ya ba mu ikon binta. Allah ne mafi sani. Tammat.