Sauya Ubangida Ba Shi Ne 'Yanci Ba

Tun ranar 26 ga Yulin 2023 da Janar Abdourahamane Tiani ya hamɓarar da Mohamed Bazoum a Nijar, magana ɗaya ake ta nanatawa a majalisun shayi daga Maraɗi har Kano: yankin Sahel ya samu 'yancinsa, tunda an fatattaki Faransa an jawo Rasha. Duk wanda ya ce da gyara, sai a kira shi ɗan koren Turawa. Ni kam na ce da gyara, kuma babba.

Fushin da ake yi da Faransa yana da tushe. Kamfanoninta sun haura shekara 50 suna haƙar yuraniyom a Arlit, alhali yawancin ƙauyukan Nijar ba su san wutar lantarki ba. Yaƙin da ta jagoranta tare da NATO a Libiya a 2011 ya tumbatsa Sahara da makamai. Dakarunta na Barkhane sun yi shekara takwas a Mali ba su kawo zaman lafiya ba. Ita ma ECOWAS ta tafka kuskure da ta rufe iyaka bayan juyin mulkin, Najeriya kuma ta yanke wa Nijar wuta, domin talakan Ƙonni da Illela ne ya sha wuyar.

Sai dai laifin Faransa ba ya wanke wanda ya gaje ta. A watan Maris na 2022 sojojin Mali tare da mayaƙa fararen fata suka dira garin Moura ranar kasuwa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce an kashe aƙalla mutum 500, akasarinsu ba sa ɗauke da makami. A lokacin sojojin hayar Wagner na Rasha ne ke dafa wa gwamnatin Bamako. Da Faransawa ne suka yi wannan aika-aika, da mun cika tituna da zanga-zanga. Me ya sa jinin mutanen Moura ya yi arha don kawai baƙon ya sauya?

Tsaron da aka yi alkawari ma bai samu ba. A watan Agustan 2024 'yan ta'addar ƙungiyar JNIM suka buɗe wuta a kan mutanen Barsalogho na Burkina Faso, waɗanda aka tura haƙa ramukan kariya, suka kashe ɗaruruwa. A ƙarshen 2025 ƙungiyar ta tare hanyoyin tankokin mai zuwa Bamako, har gwamnati ta rufe makarantu saboda ƙarancin fetur. Kuɗin sefa da ake tsinewa dare da rana kuwa shi ne dai a aljihun mutanen Nijar, Mali da Burkina Faso. An gudu ba a tsira ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne toshe bakin jama'a. Kyaftin Ibrahim Traore na Burkina Faso ya ƙara wa kansa shekara biyar a 2024. Tiani ya sha rantsuwar shekara biyar a Maris na 2025, aka rusa jam'iyyun siyasa. Assimi Goita na Mali ya bi sahu a 2025 ɗin. Moussa Tchangari, wanda ya daɗe yana sukar sansanonin sojojin waje a Nijar tun kafin hakan ya zama abin yayi, an kama shi a Yamai a Disambar 2024. Idan irin wannan mutum bai tsira ba, wa zai tambayi abin da aka rubuta a yarjejeniyar da aka ƙulla da Masko?

Masu cewa dimokuraɗiyya kayan Turawa ce su tuna cewa 'yan Nijar da kansu suka zauna taron ƙasa a 1991 suka ƙwace ta daga hannun soja. 'Yan siyasa sun ci amanarta, gaskiya ne. Amma ɗan siyasa ana iya kayar da shi da ƙuri'a, a caccake shi a rediyo, a maka shi kotu. Mai bindiga sai wani mai bindigar ne ke sauke shi.

Rasha, Faransa, Amurka, Turkiyya da Sin duk biyan buƙatarsu ke kawo su, kuma sun fi son shugaban da ba mai tuhumarsa a gida. Don haka, 'yan uwa, mu daina tafa wa tutar kowace ƙasa. Mu nemi a saki waɗanda aka tsare don sun yi magana, a bayyana yarjejeniyoyin da aka sa wa hannu, a kuma tsayar da ranar zaɓe.