Ƙungiyar Wasa Ta Mai Kuɗi Ce Ko Ta Jama'ar Gari?

Jama'ar birnin Oklan a Amurka sun yi babban rashi. Ƙungiyarsu ta Athletics, mai wasan besbol, wato ƙwallon da ake bugawa da kulki, ta zauna a garin tun 1968, ta ci kofin zakaru sau 4 a can. Amma a watan Satumba na 2024 ta buga wasanta na ƙarshe a garin, ta tashi.

Magoya baya sun ɗora laifin a kan mai ƙungiyar, John Fisher. A 2022 aka rabu da gwanaye irin su Matt Olson da Matt Chapman. A 2023 aka cinye ƙungiyar sau 112 cikin wasanni 162. 'Yan kallo suka ce da gangan aka karya ta, domin in fili ya bushe a sami hujjar ƙaura. Shugabanninta kuwa suka ce filin ya tsufa, kuma an kasa daidaitawa kan gina sabo.

A watan Yuni na 2023 mutane fiye da 27,000 suka yi dafifi a filin, suna kira ga Fisher ya sayar da ƙungiyar. A wannan watan jihar Nebada ta amince da dala miliyan 380 na jama'a domin gina fili a Las Begas. A Nuwamba sauran masu ƙungiyoyi duka suka yarda da ƙaurar.

A ganinmu, takarda ta ba Fisher iko, amma kuɗin 'yan kallo ne ya raya ƙungiyar. Mutanen Las Begas su lura: in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.