Kafin ka taka ƙwaron nan, ɗauko fensir

'Yan uwana ɗaliban Arewa da ke karatu a Kudu, musamman mu na nan Ibadan, akwai wata ɗabi'a tamu da nake so mu sake dubawa. Da zarar an ga ɗanmu yana zane, sai a fara yi masa kallon wanda ya ɓata hanya. In kuma ƙwaro yake zanawa, to shi ke nan, ya zama abin tsokana a hostal. "Malam, gida aka turo ka karatu ko zanen fara?" Ni dai a ganina wannan raini asara yake jawo mana, kuma masu karatun kimiyya a cikinmu su suka fi cutuwa.

Duk wanda ya yi firaktikal na bayoloji ya san ana sa mu zana abin da muka gani a madubin ƙara girma. Yawancinmu kwafa muke yi daga littafi ko daga takardar na kusa. Amma ka zauna ka zana fara da hannunka, dole ka ƙirga ƙafafunta shida, ka ga duk daga ƙirji suke fitowa, ka lura fukafukan gaba kauri ne da su, na baya kuma a naɗe suke kamar mafici. Hoton waya ba ya tilasta maka wannan kallon. Ka danna, ka wuce.

Wata Bajamushiya, Maria Sibylla Merian, da zane ta shiga tarihin kimiyya. A zamaninta mutane da yawa sun ɗauka daga taɓo ƙwari suke fitowa. Ita kuwa kiwon tsutsotsi ta riƙa yi, tana zana su mataki-mataki har su zama malam-buɗe-littafi, tare da ganyen da kowace take ci. A 1699, tana da shekara 52, ta shiga jirgin ruwa zuwa Suriname, littafin da ta yi a kan ƙwarin can ya fito a 1705. A Harare kuma akwai ginin Eastgate da aka buɗe a 1996, wanda mai tsara shi, Mick Pearce, ya ɗauko dabarar shigar iska daga surin gara don a rage dogaro da na'urar sanyaya ɗaki. Surin da muke wucewa a gona ba ma ko waiwaye!

Amma ba sai mun je Turai ba. Babbar rigar da kakanninmu suke ji da ita, mai aikin tsamiya, daga ina zaren ya fito? Daga tsutsa. Tsutsotsi ne da ke cin ganyen tsamiya da wasu itatuwa, su taru su saƙa gida guda su shige ciki. A ɗebo gidan, a dafa da toka, mata su kaɗa shi ya zama zare, maɗinka su yi aska takwas da shi. Yarabawan da muke zaune cikinsu sanyan suke kiran wannan zaren, kuma yana cikin mafi daraja a saƙarsu ta aso-oke. Wato ƙwaro ɗaya ya haɗa mu da su tun kafin a gina jami'ar. Yau a cikinmu mutum nawa ne zai gane tsutsar in ya gan ta? Masu aikin suna ƙarewa, mu kuma da muke da ɗakin gwaje-gwaje muna ganin abin bai kai mu kula ba.

Harshenmu ma shaida ne. Wanda ya fara cewa mai cusa riga cikin wando ya yi zanzaro, wallahi ya ƙare wa ƙugun zanzaro kallo. Haka wanda ya raɗa wa malam-buɗe-littafi suna.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa: hukuncin zana abu mai rai. Magana ce ta gaskiya, malamai sun tattauna ta, kowa ya tambayi wanda ya yarda da iliminsa. Sai dai ko wanda ya ɗauki ra'ayi mafi tsauri bai rasa abin yi ba. Ga saƙar zuma mai kusurwa shida-shida, ga jijiyoyin fiffike, ga yanar gizo-gizo, ga tulun laka da zanzaro ke maƙalawa a bango. Duk ana iya mayar da su zanen hula, ko lalle, ko adon bango irin na gidajen Zariya. Kuma mu da muke karanta surorin da aka sa wa sunan ƙudan zuma da tururuwa da gizo-gizo, bai dace a ce mu ne muka fi kowa ƙyamar tsayawa mu dube su ba.

Shawarata ga shugabannin ƙungiyarmu: makon al'adu mai zuwa, bayan rawa da fura da kilishi, a ware tebur ɗaya na zanen da ɗalibanmu suka yi daga halittu. 'Yan uwa mata masu lalle su shigo, a gayyato masu ɗinkin hula na Sabo su zaɓi wanda zai hau hula. Kayan aiki ba tsada, fensir ne da takarda. Ƙwarin kuwa, ruwan farko na sauka shinge zai cika gindin fitilar hostal, kowa ya ɗebi nasa.