Ajiyar Takardu A Intanet: A Raba Amfaninta Da Kwaɗayin Kyauta

Duk wanda ya ga yadda kasuwar Kafanchan ta ƙone a rikicin watan Afrilu na 2011 ya san gobara ba ta tsayawa kan kaya. Takardun filaye da na makaranta da littattafan bashi suna cikin abin da wuta kan lashe, su kuwa ba a sayen madadinsu a kanti. Saboda haka maganar sabuwar hanyar ajiyar takardu a intanet ta shafi mutanen kudancin Jihar Kaduna ƙwarai da gaske.

Yadda abin yake shi ne, maimakon mutum ya damƙa hoton takardarsa ga kamfani guda kamar Google, sai na'ura ta kulle ta da mabuɗin sirri, ta yanyanka ta, ta rarraba wa kwamfutocin mutane dabam-dabam a ƙasashe masu yawa. A tsarin da kamfanin Storj ya yi suna da shi, akan raba abu kashi 80, kowaɗanne 29 daga ciki sun isa a mayar da shi yadda yake. Watau ko kwamfuta 50 sun mutu, ajiya tana nan. Masu riƙe da gutsattsarin ba su iya karanta kome, ladansu kuwa sulallan kirifto ne. Filecoin, wanda ya tara fiye da dala miliyan 200 a 2017, ya fara aiki sosai a watan Oktoba na 2020, shi ma yana biyan masu ajiya da sulallansa.

To, ina gizo ke saƙar? Sababbin kamfanonin irin wannan sukan ja jama'a da raɗe-raɗin cewa waɗanda suka riga shiga za su sami kyautar sulalla nan gaba. Samarinmu sun ɗanɗana wannan. Notcoin ya fashe a watan Mayu na 2024, wasu suka sami rabo, sai kowa ya duƙufa kan taɓa waya. Da Hamster Kombat ya yi nasa rabon a watan Satumba na shekarar, da yawa abin da suka samu bai biya kuɗin data da cajin waya ba. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa. Kada kuma a manta da MMM a 2016 da CBEX a 2025, waɗanda suka tafi da dukiyar bayin Allah.

Wanda ke son cin ladan ajiya kuma, sai ya san sharaɗin: kwamfutarsa ta kwana ta wuni a kunne, da layi mai ƙarfi. Filecoin har jingina yake karɓa, ya zabtare ta idan na'ura ta ɗauke. Ina mai wannan wutar a Kagoro ko Zonkwa ko Kwoi? Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996, ta kai intanet maras waya ƙauyukan Kafanchan da sunan ZittNet, kuma sai da ta haɗa da hasken rana saboda rashin tsayayyar lantarki. Bugu da ƙari, a 2021 gwamnati ta rufe layukan waya a wasu sassan jihar saboda 'yan bindiga. A irin wannan rana, ajiyar da ke intanet ba ta hannun mai ita.

Akwai kuma batun mabuɗi. Idan ya ɓace, ko mai shi ya rasu bai faɗa wa magada ba, babu ofishin da za a kai kuka.

Shawararmu ita ce, jama'a su ɗauki hoton muhimman takardunsu su adana a wuri fiye da ɗaya, su rubuta mabuɗin a takarda su ba amintacce. Duk wanda ya ce a biya kuɗi kafin a sami kyauta, a tambaye shi rajistarsa da hukumar SEC, tun da dokar zuba jari ta 2025 ta sa kadarorin kirifto ƙarƙashinta. Kyauta in ta zo, madalla. Amma kada a ba da lambar BVN ko kuɗin taki saboda ita.