Kafin a zargi gahawar Ghana, a duba ruwa da niƙa

Masu haɗa gahawa da hannunsu a gidajen Tamale ba su da yawa, amma suna ƙaruwa, kuma kusan bakinsu ɗaya a kan magana guda: wai gahawar da ake nomawa a Ghana ba ta da komai sai ɗaci, mai son ɗanɗano na gaske sai ya aika Accra a sayo masa ta Habasha ko ta Kenya. A ganina an yanke wannan hukunci ne ba tare da an saurari wanda ake tuhuma ba. Abin da manoman tuddan Volta da na yankunan Gabas, Ashanti da Bono suke fitarwa Robusta ce, alhali ƙa'idojin da mutane ke kwasa daga bidiyon intanet galibi a kan Arabika aka gina su, da ruwan wasu ƙasashe da kayan aikinsu. Wanda ya dafa wannan da dokar waccan, bai kamata ya ga laifin manomi ba.

Bambancin nau'o'in biyu ba na suna ba ne kawai. Robusta tana ɗauke da kusan ninki biyu na sinadarin kafeyin da ke cikin Arabika, sukarinta na halitta bai kai na waccan ba, sinadaran da ke kawo ɗaci da bauri kuma sun fi yawa a cikinta. Ƙari a kan haka, akan gasa ta har ta yi duhu, kuma ƙwayar da ta sha wuta tana saurin sakin abin da ke cikinta. Tun shekarun 1950 wani masani na jami'ar MIT a Amurka, Ernest Lockhart, ya nuna cewa mafi yawan mutane sun fi jin daɗin gahawa idan ruwa ya ɗebi tsakanin kashi 18 zuwa 22 cikin ɗari na nauyin garin. Ƙasa da haka sai ta fito tsararo da tsami, sama da haka sai ɗaci ya danne komai. To, Robusta mai duhu tana tsallake wannan iyaka da wuri. Maganinta a sauke ruwa daga wuta, a bar shi ya huce minti ɗaya ko biyu kafin a zuba, a yi niƙa mai ɗan tsaki-tsaki, kuma kada jiƙo ya wuce minti huɗu. A nan ne al'adar ataya take yi wa mutanenmu illa, domin hannun da ya saba barin buta tana ɓararraka a kan gawayi yakan yi wa gahawa haka, ita kuwa ba ta jure abin da ganyen shayi yake jurewa.

Sai ruwa, wanda shi ne ya fi komai muhimmanci kuma shi aka fi mantawa. Fiye da kashi 98 cikin ɗari na abin da ke cikin kofin gahawar da aka tace ruwa ne. Ruwan famfon Tamale daga kogin Farin Volta yake fitowa, a tace shi a Dalun, a sa masa sinadarin kulorin don kashe ƙwayoyin cuta, kuma kowa ya san ba kullum yake zuwa ba. Gida ɗaya yau zai yi amfani da na famfo, gobe da na tanka da ya kwana biyu yana gasuwa a tankin roba, jibi da na burtsatse ko na leda. Binciken da masanin sinadarai Christopher Hendon ya wallafa a 2014 tare da Maxwell Colonna-Dashwood, mai shagon gahawa a garin Bath na Ingila, ya nuna cewa ma'adanan da ke narke cikin ruwa, musamman maganiziyam, suna da hannu wajen jawo ɗanɗano daga garin. Sanannen abu ne kuma cewa ruwa mai nauyi, irin wanda yake barin farin ƙanzo a gindin buta, yakan kashe ɗan tsamin da ke raya gahawa, ya bar ta lami da ɗaci. Saboda haka mutumin da yake canza ruwa kullum ba zai taɓa gane ko gyaran da ya yi wa niƙa ne ya yi aiki ba. Ya zaɓi ruwa ɗaya ya tsaya a kansa, ko da ruwan leda na kamfani guda ne. In na famfo ne, ya ɗiba tun dare ya bar shi a buɗe ko ya tafasa shi, warin kulorin zai ragu.

Niƙa ma yana da nasa sirrin. Wanda ya kai ƙwayar gahawarsa injin kasuwar Aboabo, inda aka gama niƙa barkono da citta, ya riga ya san abin da zai sha. Turmi kuwa yana fitar da gari kashi biyu, ƙura mai laushi da manyan ɓarɓashi, sai ƙurar ta wuce ƙima ta ba da ɗaci tun ɓarɓashin bai saki komai ba. Ƙaramar rariya tana gyara wannan: a tankaɗe, a ware ƙurar, a sake daka manyan. A niƙa daidai abin da za a sha a lokacin, ragowar ƙwayar a rufe ta a kwalba nesa da rana, domin zafin Maris da Afrilu a Tamale yakan kai digiri 40, kuma ƙamshi ba ya daɗewa a irin wannan yanayi. Awo kuma da sikeli za a yi shi, ba da cokali ba. A fara da giram 55 zuwa 60 a kowace lita, sannan a riƙa canza abu ɗaya tak a kowane karo.

Wani zai ce duk wannan wahalar banza ce, Robusta ko an yi mata me ba za ta zama Arabika ba. Gaskiya ne, ba za ta taɓa ba da ƙamshin fure irin na gahawar Yirgacheffe ta Habasha ba, kuma wadda aka tsinke ɗanye da nunanne a haɗe, ko aka shanya ta a ƙasa ta yi fumfuna, babu dabarar da za ta cece ta. Amma ƙasƙancin da aka jingina mata ya fi alaƙa da sakacin sarrafawa fiye da asalinta. Biyetnam, wadda ta fi kowace ƙasa noman Robusta, ta ƙera mata ƙaramin matacin ƙarfe da ke ɗiga a hankali, ta haɗa ta da madara mai kauri, har abin ya zama abin alfaharin ƙasar. Yuganda kuma tun wajen 2010 take da tsarin tantance Robusta mai daraja ta hanyar ɗanɗano. Ita wannan bishiya asalinta dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, kuma cibiyar binciken koko ta Ghana da ke Tafo tana aiki a kan irinta. Mai kyau daga cikinta tana da kauri a baki da ɗanɗano mai kama da koko da gasasshiyar gyaɗa.

Akwai kuma mai cewa a wannan tsadar rayuwa wa yake da lokacin sikeli da rariya, ga Nescafé a teburin kowane mai shayi. Mai gaggawar fita aiki ba a hana shi ledarsa ba, sai dai ya sani cewa gahawar leda ma yawancinta daga Robusta ake yin ta, kawai an dafa masa ita ne a masana'anta an busar. Wanda ya riga ya ɗauki haɗa gahawa a matsayin abin sha'awa kuwa, ƙaramin sikeli da rariya da matacin ƙyalle ba su kai kuɗin jaka ɗaya ta gahawar waje ba, kuma ba ruwansu da ɗaukewar wutar lantarki.